Daga Nsam Zuwa Dikko: Me Ya Sa Har Yanzu Muke Juye Mai A Buɗe?

  

Duk wanda ya haura shekara arba'in a ƙasar nan ta Kamaru, in aka ce masa "Nsam" ba sai an yi masa ƙarin bayani ba. Ranar 14 ga Fabrairu 1998, a unguwar Nsam ta Yawunde, daf da ma'ajiyar mai ta SCDP, taragun jirgin ƙasa masu ɗauke da fetur suka yi karo, mai ya malale. Jama'a suka fito da bokitai da jarkoki, kowa yana ɗiba. Sai wuta ta tashi. Mutum fiye da 100 suka rasu, wasu ƙididdigar ma sun haura 200. A lokacin kowa ya ce an ga aya, ba za a sake ba.

An sake. A watan Mayu 2019 wata tanka ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai, ta ci mutum fiye da 55 a dare ɗaya. Ranar 15 ga Oktoba 2024, a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, wata tanka da ta taso daga Kano za ta Nguru ta faɗi, mutane suka taru suna kwasar mai, fiye da 180 suka rasa rayukansu. Wata uku bayan haka, ranar 18 ga Janairu 2025, sai ga na mahaɗar Dikko a jihar Neja, inda kusan mutum 100 suka ƙone. Allah Ya jiƙan Musulmin da suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri.

Na Dikko shi ne ya tsaya mini a rai, saboda yadda wutar ta faro. Tankar tana ɗauke da lita 60,000, ta kife. Aka kawo wata tanka domin a juye man, aka tayar da janareta don ya ja shi. Wato an kunna inji mai tartsatsi a tsakiyar tururin fetur, ga jama'a sun kewaye wurin da jarkoki. Bayan wannan ne hukumar NMDPRA ta Najeriya ta hana loda wa tankoki masu lita 60,000 mai, daga 1 ga Maris 2025. Mataki ne mai kyau, amma bai hana wata tankar kifewa a hanyar Bida zuwa Agaie cikin Oktoba 2025 ba, inda gomman mutane suka sake halaka wajen ɗibar mai.

Duk lokacin da irin wannan ya faru, mu masu hawa mumbari mukan yi wa talaka faɗa: kwaɗayi, rashin jin magana, cin haram. Akwai gaskiya a ciki, zan kuma zo kanta. Amma mai jarkar nan shi ne na ƙarshe a jerin masu laifi. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce: me ya fito da man fili tun farko? Me ya sa abin da ya kamata ya bi ƙarƙashin ƙasa a rufe yake yawo a kan titi, yana ratsa kasuwanni da ƙofofin masallatai?

Sai mun san halin fetur kafin mu gane amsar. Ruwan fetur ba shi ne yake fara kamawa ba, tururinsa ne. Yana fitar da tururin da zai kama da wuta ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a zafin Duwala. Tururin ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama ya watse kamar hayaƙi. Kwanciya yake yi a ƙasa, ya bi kwata, ya taru a rami, ya shiga ƙarƙashin kanta. In ya kai kamar kashi 2 cikin 100 na iskar wuri, ɗan tartsatsi ya ishe shi: sigari, salansar babur, ko bokitin ƙarfe ya gogi kwalta. Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Idan mai yana zuba daga sama yana fantsama, gogayyar da yake yi tana tara wani lantarki a jikin tanki, irin wanda mutum yake ji in ya cire riga lokacin hunturu a arewa. Wannan kaɗai yana iya tayar da wuta ba tare da kowa ya ƙyasta ashana ba.

Masu masana'antu sun daɗe da fahimtar haka, shi ya sa suka koma ga abin da za mu kira rufaffiyar hanya. Ma'anarta a taƙaice: ruwan ya tashi daga wannan mazubi ya shiga wancan ba tare da ya haɗu da iska ko hannun mutum ba. A ma'ajiyar mai ta zamani ba a buɗe murfin tanka ta sama a zura tiyo. Ta ƙasa ake haɗa bututu, da wani baki mai kulle kansa, wanda ba ya buɗewa sai ya kama ɗan'uwansa daram, in kuma aka zare shi duka ɓangarorin biyu su rufe. Ana haɗa tiyo na biyu wanda yake mayar da tururin cikin ma'ajiya, a sake mayar da shi fetur maimakon ya tafi a iska. Ana maƙala wa motar waya da ke zuwa cikin ƙasa don ta kwashe wancan lantarkin, injin turawa kuwa ba ya tashi sai an maƙala ta. Akwai na'urar da ke tsayar da lodi in tanki ya kusa cika, akwai mita mai ƙirga kowace lita.

Ɗalibai, ku lura da wani abu a wannan tsari. Ba a gina shi a kan zaton cewa ma'aikaci ba zai yi mantuwa ba. An gina shi ne yadda ko ya manta, kafar ɓarnar a toshe take. Wannan shi ne abin da malamanmu na Malikiyya suke kira saddu zari'a, toshe hanyar da take kai wa ga ɓarna tun kafin a isa gare ta. Mu mun karanta shi a babin ciniki da aure, injiniya ya aikata shi da ƙarfe da roba.

Amfanin kuma bai tsaya ga kauce wa gobara ba. Fetur yana ɗauke da wani sinadari da ake kira benzin, wanda masana lafiya suka tabbatar yana jawo sankarar jini ga mai yawan shaƙarsa. Rufaffiyar hanya tana kare huhun ma'aikaci. Tana kare dukiya, domin abin da ya tsiyaye ko ya bi iska kuɗi ne. Tana kare amana, domin abin da aka rufe aka buga wa hatimi yana da wuyar algus, ba a saurin zuba masa kananzir ko ruwa a hanya, mita kuma ba ta san ɗan gida ba balle ta tauye wa baƙo mudu. Da wannan hanyar ake sarrafa manja da man girki a manyan matatu, da madara, da lemon kwalba, da ruwan magani. Ledar ƙarin ruwa da ledar jini da ake rataya wa majinyaci a asibiti su ma rufaffiyar hanya ce, daga leda zuwa jijiya ba tare da iska ta taɓa ba. A wasu ƙasashe har maganin feshi na gona yana zuwa a jarkar da ake kifawa kai tsaye a kan injin feshi, manomi bai taɓa shi ba. Ku kwatanta da ɗan'uwanmu manomin auduga a wajen Garwa, wanda yake tsiyaya guba da murfin kwalba, ya dama da hannu.

Babban misalin rufaffiyar hanya yana nan kwance ƙarƙashin ƙasarmu, da yawanmu ba mu taɓa ganinsa ba. Bututun man Cadi da Kamaru ya taso daga rijiyoyin Doba a kudancin Cadi, ya yi tafiyar kilomita 1,070, kusan 890 daga ciki a ƙasar Kamaru, ya faɗa teku a Kiribi, inda wani jirgin ruwa da aka mayar ma'ajiya yake karɓar man. Faɗin bututun inci 30 ne, an binne shi kimanin mita ɗaya. Ya fara aiki a 2003. Akwai tashoshin tura mai a hanya, biyu daga ciki a Dompta da Belabo, kamfanin COTCO ne yake kula da ɓangaren Kamaru. Masu lura da shi suna zaune gaban kwamfuta suna kwatanta abin da ya shiga da abin da ya fita. In ƙarfin turawar ya faɗi a wani wuri, sun san an samu ɓula, sai a rufe bawul na gaba da na baya.

An tsara shi ya ɗauki ganga 225,000 a rana, ko da yake abin da ke bi ta ciki yanzu bai kai haka ba. Mu yi lissafin 'yan makaranta. Ganga ɗaya lita 159 ce, wato lita miliyan 35 da ɗoriya ke nan a rana. In da tanka mai lita 40,000 za a kwashe, ana bukatar kusan tanka 900 kullum ta Allah, suna bin hanyar Ngaundere zuwa kudu. Wanda ya taɓa bin wannan hanyar da damina ya san abin da hakan yake nufi.

Na fara ganin darajar bututu ne ina ɗalibi a Madina. Garin ba shi da kogi, amma ka murɗa famfo ruwa ya zo, ashe daga Yanbu yake, ruwan teku ne aka cire wa gishiri aka turo ta bututu, ya ratso hamada da duwatsu. Wani malaminmu ya tuna mana cewa abin ba sabo ba ne ga Musulmi: Zubaida, matar Haruna Rashid, ta kashe dukiya mai yawa wajen gina rufaffiyar magudana da ta kawo wa alhazai ruwa daga kwarin Nu'uman zuwa Arfa, fiye da shekara dubu da suka wuce. Wannan ratse ne, mu koma.

Kada wani ya ɗauka ina cewa bututu ba shi da aibu. Ranar 18 ga Oktoba 1998, wata takwas kacal bayan Nsam, bututun fetur ya fashe a Jesse ta jihar Delta, mutane suka taru suna ɗiba, wutar ta ci kimanin mutum 1,000. Bututu yana da aminci ne muddin yana rufe. Da zarar an huda shi, ya fi tanka haɗari, domin tanka tana ƙarewa, shi kuwa yana ta turowa. Nijar ta gina bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar Seme a Benin tare da kamfanin CNPC na Sin, aka fara lodi a Mayu 2024, amma rikicin iyaka tsakanin ƙasashen biyu ya yi ta tsayar da aiki, a Yuni 2024 kuma 'yan tawaye suka fasa wani ɓangarensa. Namu na Cadi ma, alkawarin da aka yi wa Bankin Duniya shi ne kuɗin man zai tafi ga lafiya da ilimi da ajiya don 'yan baya. A 2008 Bankin ya janye hannunsa, domin ba a cika ba. Kamaru ta fara karɓar senti 41 na dalar Amurka a kan kowace ganga da ta wuce, sai a 2013 aka ɗaga zuwa dala 1.30. Bututun ƙarfen bai cika yoyo ba. Bututun da kuɗin yake bi daga baitulmali zuwa talaka, shi ne mai ramuka.

Kuma a nan ne amsar tambayarmu take. Najeriya tana da bututun mai da ya haura kilomita 5,000, da ma'ajiyoyi a Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri, waɗanda aka tsara matatar Kaduna, da aka buɗe a 1980, ta riƙa ciyar da su. Da wannan tsarin yana aiki, tanka ba za ta yi tafiyar kwana da kwanaki daga bakin teku ba, sai ɗan gajeren zango daga ma'ajiya zuwa gidan mai. Fasa bututu da rashin gyara da mutuwar matatu suka kashe shi, aka mayar da kayan bututu kan titin da ya lalace, a hannun direban da bai yi barci ba. Sannan aka cire tallafin mai a Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Man da ya zube ya zama dukiya a idon mai jin yunwa.

Mu ma ba mu tsira ba. Tun da matatar SONARA ta Limbe ta ƙone ranar 31 ga Mayu 2019, tataccen man da muke amfani da shi daga waje yake zuwa. Ana sauke shi a tashar jiragen ruwa ta Duwala, ya shiga ma'ajiyar SCDP, daga nan taragun jirgin ƙasa su kai Yawunde da Belabo da Ngaundere, sauran tafiyar zuwa Garwa da Marwa da Cadi da Afirka ta Tsakiya kuwa duk a bayan mota. 'Ya'yanmu nawa ne direbobi da yaran mota a wannan hanyar? Litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairu 2023, ta koma 840 a Fabrairu 2024. Duk tashin da ta yi, kasuwar zuwa-zuwa ƙara buɗewa take. Ranar 27 ga Janairu 2021, a hawan dutsen Dschang, motar da ke ɗauke da irin wannan man ta yi karo da motar fasinja, mutum fiye da 50 suka ƙone, alhali ba su zo ɗibar komai ba, tafiya kawai suke yi.

Yanzu mu dawo gida, New Bell da Kasuwar Kongo. Ba mu da iko a kan matata ko bututu, amma ku duba yadda muke yi da lita biyar ɗin da ke hannunmu. Ana sayar wa ɗan bensikin mai a kwalba, a zuba ta mazurari injin yana ruri. In an ɗauke wuta, mai shago ya jawo jarka daga ƙarƙashin kanta, ya ƙara wa janareta mai bai kashe shi ba, ga atamfa da shadda da yadi jibge har rufi, ga layin da mutum biyu ba sa iya giftawa a tare. Kasuwar nan ta ƙone a 2012, ta sake ƙonewa a 2019, akwai waɗanda har yau ba su farfaɗo ba. Ko me ya tayar da wuta, jarkar fetur da ke cikin shago ita ce take mayar da ƙaramar gobara babba. Na taɓa zuwa duba wani ɗalibina, yaro mai ƙoƙari da ya kusa haɗa hizifi talatin, wanda ya zuƙi fetur da baki ta tiyo don ya juye daga tanki zuwa jarka, man ya sarƙe shi ya shiga huhu. Ya yi makonni a kwance yana numfashi da ƙyar. Ɗan famfon hannu na roba da zai raba shi da wannan wahala, ana sayar da shi a shagunan kayan mota.

Ta fuskar hukunci, maganar a fili take. Man da ya zube daga tanka ba tsintuwa ba ne. Luƙaɗa ita ce dukiyar da ba a san mai ita ba, ita ma cigiya ake yi har shekara, ba rabawa ake yi ba. Wannan kuwa ga sunan mai shi rubuce a jikin mota, ga direba tsaye yana roƙon mutane su ja da baya. Ɗibarsa cin dukiyar wani ne ba da yardarsa ba, sannan jefa kai ne cikin halaka, wanda Alƙur'ani ya hana a Suratul Baƙara. In wani ya kawo hujjar larura, sai mu ce larura tana halatta abin da zai tserar da rai, wannan kuwa ran yake ɗauka. Amma hukuncin bai tsaya kan mai jarka ba. A Muhtasar na Shehu Halil an ɗora lamuni a kan wanda ya hura wuta a ranar iska mai ƙarfi har ta ci kayan maƙwabci. To, mai tankar da ya san birkinsa ba shi da kyau, da jami'in da ya karɓi na goro ya bar ta ta wuce, da wanda ya tayar da janareta a cikin tururin fetur, da mai shagon da ya ajiye jarka a jikin bangon maƙwabcinsa, duk ina ganin wannan ƙa'idar ta hau kansu. A hadisin Jabir ɗan Abdullahi da Buhari da Muslim suka ruwaito, an umarce mu da rufe ƙwarya, da ɗaure bakin salka, da kashe fitila kafin barci, har aka faɗi dalili: ɓera yana iya jan lagwani ya ƙone mutanen gida. Yaranmu sun haddace shi, jarkar kuma tana nan babu murfi.

Ruwan sha ma ya shiga wannan babin, kuma shi ya fi kusa da masallatanmu. Duwala ta sha fama da kwalara, a 2004 da 2022 an ji jiki. A unguwanni irin namu ruwa yana kusa da doron ƙasa, rijiya da masai kuma ba su da nisa da juna. Bututun ruwa yana da kariya ne muddin akwai ƙarfin turawa a cikinsa, domin in akwai tsaga, ruwa mai kyau ne yake fita. Da an ɗauke ruwa ƙarfin ya faɗi, sai ruwan kwata ya shiga ta tsagar nan. Shi ya sa ruwan farko da ya zo bayan yankewa bai kamata a sha shi ba tare da an tafasa ko an sa masa magani ba, kuma tiyon robar da aka ja ta cikin kwata zuwa gida abin tsoro ne.

Ɗalibai sukan ruɗe a nan. A mazhabarmu, ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canja ba, mai tsarki ne, alwala da shi ta inganta. Wannan hukuncin ibada ne. Ƙwayar kwalara ba ta canja launi ko ɗanɗano, don haka ruwa yana iya inganta alwala ya kuma kwantar da sahu guda. Duron da ke ƙofar masallaci, wanda kowa yake tsoma moɗa da hannunsa a ciki, buɗaɗɗiyar hanya ce. A masallacin da nake limanci mun cire shi, mun sa tanki mai murfi da famfo a gindinsa, ana cika buta daga famfon. Man janareta kuma mun fitar da shi daga ɗakin ladan zuwa wani akurki a waje mai shan iska, a jarkar ƙarfe mai murfi, da bokitin yashi a gefe. Mun kafa sharaɗi cewa ba a ƙara mai sai an kashe inji ya huce, ko da liman yana tsakiyar huɗuba lasifika ta ɗauke. Kwamitocin sauran masallatai da shugabannin layuka na Kasuwar Kongo, ƙofa a buɗe take ga wanda yake son ya zo ya gani.